Rabin Dutsen Kaka Talatu

A gidanmu na Fadaman Mada ba a rasa abin hura wuta, domin Babanmu kafinta ne. Duk yamma yakan dawo da buhun guntayen katako da suka rage daga aikin ranar. Idan Mama ta sauke tuwo ba a kashe murhu. Kaka Talatu, mahaifiyar Baba, sai ta jawo 'yar kujerarta, ta miƙe ƙafarta ta hagu wajen garwashi, ƙafar da shan inna ya shanye tun tana ƙarama, ta riƙa jefa guntayen ɗaya bayan ɗaya. Mu Kirista ne, maƙwabtanmu dama da hagu Musulmi, don haka Kaka ba ta fara labari sai an idar da sallar isha'i a masallacin layinmu, 'ya'yan maƙwabta sun shigo sun sami wuri. In muka ƙosa sai ta ce, "In na fara babu su, wa zai biya musu? Ku?"

Kaka mutuniyar dutse ce, daga wani ƙauye can bayan Dass, kuma da girmanta ta zo Bauchi. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk "ya" take ce musu. In muka yi dariya sai ta tambaya, "Kun gane ko ba ku gane ba?" Mu ce mun gane. Ta ce, "To ku rufe baki." Ko tatsuniya ba ta buɗewa yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita sai ta dube mu ta ce, "Mu hau?" Mu amsa da ƙarfi, "Mu hau!" In ta gama kuma sai ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Mun sauko." Kafin wannan kalmar ba mai tashi. Ko fitsari ya matse ka, sai ka matse shi kai ma.

Ni ne babban jikanta namiji, saboda haka "maigida" take kirana, kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jika. Kullum cikin tsiya muke. In ce zan sake ta tunda haƙoranta sun zube, ta ce dama ta gaji da mijin da ko goro bai taɓa kawo mata ba. Ba wanda ke tsawata mini, domin wasan jika da kaka ba laifi ba ne.

Tana da tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace tsohuwa, amma wanda muka fi so shi ne labarin Mai Rawani, kuma shi ba ta kiransa tatsuniya. Mai Rawani shi ne dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasarsu. An sa masa sunan ne don gajimare da ke naɗe kansa. Idan za ta ba da wannan labarin, sai ta ɗauko wani guntun dutse da ke zama kusa da murhu ta ɗora a cinya. Rabin ɗan dutsen niƙa ne, baƙi, da farar jijiya da ta ratsa shi. Da shi take dandaƙa kanwa da citta.

Ga yadda labarin yake. Mutanen ƙauyensu acca suke nomawa. Tun kaka da kakanni, kowane gida yakan ware tulu ɗaya na iri, a toshe bakinsa da yumɓu, a kai shi wani kogo a ƙololuwar Mai Rawani, inda sanyi ba ya barin ƙwari su taɓa shi. Ba a tuna da waɗannan tuluna sai wuya ta kai wuya. Wata shekara fara ta sauka ta cinye gonaki kaf, yunwa ta sa mutane suka ci har irin da suka ajiye a rumbu. Da damina ta gabato, ba abin shukawa sai wanda ke saman dutse.

To, hawan Mai Rawani yana da ƙa'ida guda: wanda ya fi kowa nawar tafiya shi ake sawa a gaba, kowa ya bi sawunsa. Samarin wannan shekara suka ce ba lokacin bin al'ada, hadari ya fara haɗuwa. Suka kwasa da gudu, kowa na son ya riga ɗan'uwansa. Suna tsakiyar dutse gajimare ya sauko musu, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Suka watse, wannan na kiran wancan. Da ƙyar suka dawo hannu wofi, an ɗauko ɗaya a kafaɗa da karyayyar ƙafa. Wanda ya karye ɗin yayan Kaka ne, shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidansu.

Dattawa suka ce a koma yadda aka gada. Kowane gida ya ba da mutum ɗaya da zai ɗauko tulunsa. Gidansu Kaka ba mai zuwa sai ita, budurwa 'yar shekara goma sha biyar mai jan ƙafa. Da aka jeru a gindin dutse, tsohon da ke riƙe da al'adar ya dubi kowa, ya nuna ta da sandarsa.

A nan Kaka takan gyara zama, muryarta ta yi kauri. "Ya ce, ke yarinya, wuce gaba. Na waiga ko da wani yake. Ya ce da ke nake. Ƙartin maza goma sha biyu a bayana, suna tsaki, suna cewa yau sai rana ya faɗi muna hanya. Na ce ku yi ta tsaki, ƙafa dai ɗaya ne gare ni."

Mai jan ƙafa dole ya dubi inda zai taka. Da haka ta riƙa ganin abin da masu gudu suka tsallake: 'yan ramukan da ƙafafun magabata suka sassaƙa a jikin dutse, da duwatsu uku-uku da aka jera a duk inda hanya ta rabu biyu. Gajimare ya sake saukowa kamar jiya, amma ita dama ba nesa take kallo ba. Kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, ita tana lalubo hanya taki ɗaya bayan ɗaya. Rana na tsaka suka fito saman gajimaren.

"Maigida," takan ce da ni, "na ga duniya a ƙasa kamar faifai. Shaho ma a ƙarƙashina yake yawo. Ni gurguwa, na ga bayan shaho!"

Wanda ya ja gaba yana da wata al'adar kuma. Yakan zo da dutse daga gidansu, ya fasa shi biyu a ƙololuwa, ya cusa rabi a wata tsaga kusa da kogon, ya koma gida da rabi a matsayin shaida. Kaka ta zo da ɗan dutsen niƙan mahaifiyarta. Ta fasa, ta bar rabi. A nan sai ta ɗaga wanda ke cinyarta kowa ya gani. Daga nan suka sauko da tuluna goma sha uku, ko ɗaya bai fashe ba, aka shuka, aka ci. Sai ta tafa hannu: "Mun sauko."

Na ji wannan labari ya fi sau ashirin, kuma duk lokacin da ta ɗaga dutsen nan ƙirjina kan cika. Nakan kalli 'ya'yan maƙwabta in ga bakinsu a buɗe, in ce a raina, tawa ce wannan tsohuwar.

Shekarar da na shiga sakandare kaina ya fara kumbura. Na yi aboki, Nasiru, ɗan wani babban ma'aikacin gwamnati da ke zaune a GRA. Na je gidansu na ga ciyawa a shimfiɗe kamar darduma, na ga talabijin, na sha shayi a kofin tangaran. Nasiru yaro ne mai kirki, shi ya nace sai ya zo namu gidan. Wata Asabar direbansu ya sauke shi da la'asar, ya ce zai dawo bayan isha'i. Na yi ta addu'a kada Kaka ta zauna bakin murhu ranar. Ita kuwa da ta ga baƙo, sai ta zaɓo masa mafi daraja cikin abin da take da shi. Ta ɗauko rabin dutsen ta ce, "Mu hau?"

Ban ji labarin ba ranar. Ina ta kallon gidanmu da idon da nake zaton na Nasiru ne: hayaƙi, tabarmar da ta ɓarke, shanyayyar ƙafar nan a miƙe, da Hausar da ba ta bambanta mace da namiji. Na saci kallonsa na ga yana murmushi, na ɗauka dariya yake mana. Daidai lokacin da Kaka ta kai ƙololuwa, ta ga bayan shaho, ta ɗaga dutsen sama, sai na ji bakina ya buɗe.

"Haba Kaka, ke da ko bakin famfo sai da sanda kike zuwa? Wannan dutsen ai a bola kika tsinto shi."

Ƙananan yara biyu suka yi dariya, suka ga ba wanda ya taya su, suka yi shiru. Na jira ta rama, domin ba ta taɓa barin tsiyata ta kwana ba. Ba ta rama ba. Ta juya dutsen a hannunta, ta mayar da shi kusa da murhu a hankali.

"To, maigida," ta ce. "Kai ka yi boko, kai ka sani."

Ta dogara sandarta ta shiga ɗaki. Yara suka ci gaba da zama, domin ba a ce an sauko ba. Sun daɗe suna kallon ƙofarta, har sai da Mama ta fito ta ce kowa ya tafi gida. Da na raka Nasiru bakin mota, ya juyo ya ce, "Dauda, me ya sa ka katse ta? Ni fa so nake in ji yadda suka sauko."

Washegari kafin mu tafi coci Baba ya kira ni gefe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ni ban taɓa hawa dutsen nan ba, ina ƙarami aka baro ƙauye da ni. Amma uwata ba ta ƙarya. Wasa da kaka halal ne, ka ce mata mummuna, ka ce mata marowaciya, duk za ta ɗauka. Ƙaryata ta gaban baƙo kuwa ba wasa ba ne."

Magana zarar bunu ce. Kaka ta ci gaba da kirana maigida, ta ci gaba da ɓoye mini ƙanzon tuwo, ta ci gaba da ba da labarin kura da zomo. Amma Mai Rawani ba ta ƙara hawansa ba. In yara suka roƙa sai ta ce ƙafarta na ciwo. Ni kuma girman kai ya hana ni cewa ta yi haƙuri. Kullum ina cewa sai gobe, har na tafi kwalejin horon malamai, kuma ina can aka aiko cewa ta rasu. Bayan an yi jana'iza Mama ta miƙo mini wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Ta ce, "Kakarka ta ce a ba maigidanta, ya mayar bola." Mama tana faɗa tana dariya tana hawaye, domin ta san Kaka ta rama ke nan.

Dutsen nan ya yi shekara talatin da wani abu a ƙasan akwatina. Na yi aure, na haihu, na sa wa 'yata ta fari Talatu, na tara tumbi, gwiwata ta dama ta fara ba ni labarin damina tun kafin hadari ya haɗu. Ban taɓa ba 'ya'yana labarin Mai Rawani ba, don in na fara dole in kai inda na katse shi. Bara waccan aka gayyace mu bikin wani ɗan'uwa a ƙauyen su Kaka. Ina haɗa kaya hannuna ya taɓa tsumman, na jefa shi cikin jaka ba tare da na gaya wa kowa ba.

Da muka isa na ga Mai Rawani da idona, da rawaninsa a kai kamar yadda ta ce. Gabana ya faɗi don tsawonsa. Aka haɗa ni da Baba Gambo, dattijon da ke riƙe da al'adar dutsen yanzu. Na tambaye shi labarin shekarar fara. Ya ce, "Mun ji an ce wata yarinya ce ta ja gaba. Wasu su ce 'yar gidan wane ce, wasu su ce ta gidan wane. Waɗanda suka gani duk sun tafi, Malam. Dutse kaɗai ya sani."

Na ce ina so in hau. Ya dubi tumbina, ya dubi gwiwata, ya ce in shirya da sassafe.

Muka tashi da sassafe mu tara: Baba Gambo, samari shida na ƙauyen, ni da 'yata Talatu. Ba mu yi nisa ba na koma can baya ina haki, ina tsayawa kamar mai ɗaure takalmi don kada a gane. Baba Gambo ya tsaya, kowa ya tsaya.

"Malam, wuce gaba."

Na ɗauka girmama ni yake. Na ce, "A'a Baba, ku je kawai, ni a hankali nake tafiya."

Ya ce, "Ai shi ya sa."

Na ratsa samarin nan na wuce gaba, ina jin wani yana tsaki ƙasa-ƙasa, kuma wallahi ban taɓa jin tsakin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Na sunkuyar da kai ina duba inda zan sa gwiwar nan mai ciwo. Can sai ga 'yan ramuka a jikin dutse, daidai tafin ƙafa. Gaba kaɗan, inda hanya ta rabu, ga duwatsu uku a jere. Ba wanda ya nuna mini, tun ina yaro na san su. Da gajimare ya rufe mu, Talatu ta dafa kafaɗata, na bayanta ya dafa tata. Sanyi ya shiga ƙashina, na tsaya hutawa ya fi sau goma, kuma duk tsayawar da na yi mutum takwas ke tsayawa tare da ni.

Azahar ta wuce kafin mu fito sama. Ƙasar nan gaba ɗaya a shimfiɗe, gonaki da ƙauyuka da titi siriri kamar zare. Baba Gambo ya nuna mini sashen da Bauchi take. Talatu ta kama hannuna ta ce, "Baba, dubi!" Shaho ne yake shawagi can ƙasa da mu, muna kallon bayansa.

Kogon yana nan, da ɓaraguzan tuluna, domin an daina kai iri sama. Tsagar ma tana nan, cike da rabi-rabin duwatsu da ba zan iya ƙirgawa ba, wasu gansakuka ta rufe su. Na kwance tsumma. Baba Gambo ya kalli abin da ke hannuna, ya kalle ni, ya ce wa samari su taya ni. Muka riƙa fitar da su ɗaya-ɗaya muna gogewa. Mun yi kusan awa guda, tarin da ke gabanmu yana ƙaruwa, tsagar tana raguwa, ni kuma tsoro yana kama ni. In babu fa? Sai in sauko da me, in gaya wa 'yata me?

Can ƙasa, kusa da ƙarshe, hannuna ya taɓo wani mai santsi. Na goge shi da bakin rigata. Baƙi ne, da farar jijiya. Na haɗa shi da na Kaka. Suka zauna daram, jijiyar ta tashi daga wannan ta shiga wancan ba tare da ta kauce ba.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, ni mai furfura, gaban samari. Ban ji kunya ba. Alfahari ne ya cika ni har ya fi ƙarfin ƙirjina. Baba Gambo ya cire hularsa ya ce wa samarin, "Ku dube shi da kyau. Accar da kuka ci jiya a biki, kakar wannan mutumin ce ta sauko da irinta."

Na tambaye shi ko in bar rabin Kaka a nan, su zauna tare. Ya girgiza kai. "Na sama na dutse ne. Na ƙasa na masu musu ne, ka koma da shi gida." Na ce ai ni ne mai musun. Ya ce, "To ka ga ya yi aikinsa." Da na ce ban zo da nawa dutsen da zan fasa ba, alhali ni na ja gaba, sai ya ce ba sai na fasa ba, gidanmu yana da shaida a nan tun kafin a haife shi.

A saukowa ma ni ne a gaba. Ina tafe ina tunanin shekarun da na yi ina koyarwa, ina gudu da yara uku masu kaifin ƙwaƙwalwa, sauran aji na watse a bayana ina kiransu dakikai. Ina yaro na ɗauka tausayi ne ya sa mutanen dutse ke sa mai nawa a gaba. Ranar na gane dabara ce ta waɗanda ba su yarda a bar kowa a hanya ba, kuma sun san mai tafiya a hankali yana ganin abin da mai gudu ya tsallake. Daga irin waɗannan mutane na fito, kuma su na ji kunyarsu don na sha shayi a kofin tangaran. Ina tafe kuma ina ba Talatu labarin tun daga farko, da saukar fara, da samarin, da bakin murhu, har da abin da na faɗa gaban Nasiru. Ban rage komai ba.

Rana ta yi ja lokacin da ƙafata ta taka ƙasa mai laushi ta gindin dutse. Samari suka wuce ni suna miƙa. Ni na tsaya, rabin dutsen a aljihuna. Na tuna yaran nan da suka zauna suna kallon ƙofar ɗakinta, da tsohuwar da na bari a ƙololuwa da hannu a sama shekara arba'in. Talatu ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau. Na juya na fuskanci Mai Rawani, na tafa hannu sau ɗaya.

"Kaka," na ce, "mun sauko."